Jagorar Auna Ƙa'idar Mafarautan Sama a Fina-finan Predator

Musun da ya haifar da wannan jagora ya taso ne a majalisarmu ta Tudun Wada, a nan Kaduna, bayan sallar isha'i, lokacin da ɗan yayata ya dawo daga shagon masu tura fina-finai da wani fim a wayarsa, ya zauna a gefen bencina ya ce, "Kawu, wannan mafaraucin fa yana da mutunci, domin ba ya taɓa wanda ba ya riƙe da makami." Wani abokin zamanmu ya ce babu mutunci ga mai ɓuya a kan bishiya ya harbi mutum ta baya. Majalisa ta rabu biyu, kowa yana kawo abin da ya tuna, kuma na lura cewa rabin hujjojin da ake jefawa ba a cikin fina-finan suke ba, ji aka yi daga bakin wani. Tun daga ranar na koma na kalli fina-finan ɗaya bayan ɗaya da biro da takarda a hannu. Abin da ke biye shi ne hanyar da na bi, domin duk mai son ya yanke hukunci da kansa a kan ko waɗannan halittu na almara, masu saukowa daga wata duniya su farauci mutane, suna bin wata ƙa'ida ta girma, kuma idan suna bi, wace iri ce.

Mataki na farko: raba abin da fim ya nuna da abin da littattafai suka ƙara

Kafin ka kalli ko da minti ɗaya, ka san cewa labarin waɗannan mafarauta yana da tushe biyu, kuma cakuɗa su ne ke lalata yawancin muhawara. Tushe na farko shi ne fina-finan kansu, waɗanda suka fara da Predator na 1987, wanda John McTiernan ya ba da umarni, kuma Arnold Schwarzenegger, wanda mutanenmu suka fi sani da Komando, ya fito a matsayin Dutch, shugaban wata tawagar sojoji. A wannan fim, da wanda ya biyo shi a 1990, mafaraucin bai taɓa tsayawa ya karanta wata doka ba, kuma ba a ma ambaci sunan jinsinsa ba. Duk abin da aka sani game da ɗabi'arsa, mutanen da yake farauta ne suka hasaso shi daga ayyukansa.

Tushe na biyu shi ne littattafan zane na kamfanin Dark Horse, waɗanda suka fara fitowa a 1989, da littattafan ƙagaggun labarai da suka biyo baya. Sunan Yautja, wanda masoya ke kiran jinsin da shi, ya fito ne daga wani littafi na 1994 da Steve Perry da Stephani Perry suka rubuta. A cikin irin waɗannan rubuce-rubuce ne aka shimfiɗa matakan girma, aka bambanta wanda ya riga ya yi kisan farko da wanda bai yi ba, aka kuma kawo batun fanɗararru da 'yan uwansu ke bi su hukunta. Wannan ƙari yana da daɗi, amma marubuta dabam-dabam ne suka gina shi a lokuta dabam-dabam, kuma masu shirya fim ba su ɗaure kansu da shi a kowane lokaci ba. Saboda haka shawarata ita ce ka kafa hukuncinka a kan abin da idonka ya gani a allo, ka ajiye littattafan a matsayin ƙarin bayani, kuma idan wani ya kawo maka hujja a majalisa, ka fara tambayarsa ko a fim ya gani ko a littafi. Gani ya kori ji.

Fina-finan da suka fi amfani ga wannan bincike su ne na 1987, da Predator 2 na 1990, da Alien vs. Predator na 2004, da Predators na 2010, da Prey na 2022. Ka kalle su bisa tsarin shekarun fitowarsu, domin haka ne za ka ga yadda ƙa'idar ta yi ta girma a hannun marubuta. Idan kwafin da ka samu mai fassarar Hausa ne, ka yi hattara da abin da mai fassara ya sa a bakin mafaraucin, saboda masu fassara sukan ƙara magana domin armashi a wuraren da asalin fim ɗin shiru ne.

Mataki na biyu: daidaita kalmomin da za ka yi aiki da su

Wannan mataki gajere ne, amma wanda ya tsallake shi zai yi ta kewaye a wuri ɗaya. A Hausa muna da kalmomi da dama da ake iya ɗauka ɗaya ne alhali sun bambanta. Ƙa'ida ita ce iyakar da mutum ya gindaya wa aikinsa, ko mai kyau ne aikin ko mummuna, shi ya sa ko 'yan caca suna da ƙa'idarsu. Jarumta ita ce tunkarar haɗari ba tare da ja da baya ba. Girma shi ne matsayin da jama'arka suka ba ka. Mutunci kuwa ya fi su nauyi, domin ya haɗa da ganin darajar wani, da jin kunyar wulaƙanta shi ko da kana da ikon yin haka. Ka rubuta waɗannan kalmomi huɗu a saman takardarka, kuma duk lokacin da mafaraucin ya yi wani abu da ya burge ka, ka tambayi kanka a ƙarƙashin wace kalma aikin ya faɗa.

Mataki na uku: buɗe littafin lissafi

Ka ja layi huɗu a takarda. A na farko ka rubuta wanda mafaraucin ya haɗu da shi. A na biyu ka rubuta ko yana riƙe da makami, da kuma halin da jikinsa yake ciki, lafiya ko rauni ko ciki ko ƙuruciya. A na uku ka rubuta ko ya ga mafaraucin ido da ido kafin a taɓa shi. A na huɗu ka rubuta abin da ya faru da shi. Kada ka dogara da tunaninka, domin zuciya takan riƙe wuri biyu ko uku da suka burge ta, ta watsar da goma da suka saɓa musu. Ni kaina na shiga wannan aiki ina tare da ɗan yayata a ra'ayi, kuma layi na uku ne ya fara sauya mini tunani, saboda da na ƙirga sai na tarar yawancin waɗanda aka kashe a fim na farko ba su samu damar fuskantar abin da ya kashe su ba.

Mataki na huɗu: bincika waɗanda aka ƙyale

Nan ne masu cewa akwai mutunci suke da hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu cikakke kafin a ce komai.

A fim na 1987, cikin dajin Amurka ta Tsakiya, mafaraucin ya kashe sojan da ke bin Anna, wata 'yar tawaye da tawagar Dutch ta kama, ya ja gawarsa, ya bar ta a wurin jini ya fantsamar mata amma ba a taɓa ta ba. Daga baya Dutch ya gane dalili, har ya shure bindigar da ta yi yunƙurin ɗauka, domin ya fahimci cewa rashin makami ne ke kare ta. A fim na 1990, wanda aka kafa labarinsa a birnin Los Anjeles na shekarar 1997, an ƙara misali biyu. Wani yaro ya nuna wa mafaraucin bindigar wasa a maƙabarta, ya duba ya gane ba ta gaske ba ce, ya ƙyale shi. Sannan a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kama 'yar sanda Leona, wadda take ɗauke da bindiga, amma da na'urar fuskarsa ta nuna masa ɗan tayi a cikinta sai ya sake ta da rai. A fim na 2004 ya ɗaga tsoho Weyland, attajirin da ya ɗauki nauyin wata tawagar bincike, ya ga cuta ta cinye masa ƙirji, ya yar da shi ya juya, kuma bai kashe shi ba sai da tsohon ya watsa masa wuta ta baya. A Prey, wanda labarinsa ya faru a 1719 a tsakanin ƙabilar Komanci ta 'yan asalin Amurka ta Arewa, ya tarar da Naru, budurwar da ita ce jarumar fim ɗin, ƙafarta a cikin tarkon ƙarfe ya wuce, kuma lokacin da Faransawa masu fataucin fatu suka ɗaure ta da yayanta a jikin itace domin su jawo shi, bai kula su ba, masu bindigar ya bi.

Waɗannan misalai sun isa su tabbatar da cewa akwai ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta daɗe, domin ta bayyana a mafarauta dabam-dabam a zamuna dabam-dabam. Aikinka a nan shi ne ka yi tambaya ta gaba: wa ƙa'idar take yi wa aiki? Ka saurari dalilin da Dutch ya bayar game da Anna, za ka ji cewa bai ambaci tausayi ba, abin da ya gano shi ne kashe marar makami ba shi da daɗin wasa. Ka dubi abin da mafaraucin ke yi da gawa, yadda yake zare ƙoƙon kai da ƙashin baya, ya wanke, ya goge, ya rataye. Ƙoƙon kan mai ciwon ajali ko na wadda tarko ya riƙe ba zai ƙara masa daraja a gaban 'yan uwansa ba, kamar yadda ɗan damben da ya yi suna ba zai amince a haɗa shi da yaron da bai taɓa naɗe hannu ba, saboda ko ya kayar da shi babu makaɗin da zai yi masa waƙa a kai. Wanda aka ƙyale ya tsira ne domin an raina shi, kuma Naru ta fahimci haka sarai, har ta mayar da rainin ya zama makaminta.

Batun mai ciki shi ne wanda ya fi ba ni wahala, kuma ba zan ɓoye ba cewa har yanzu ina ganin yana iya ɗaukar fassara biyu. Leona tana da makami, ta cancanci farauta bisa dokarsa, amma ya bar ta. Ana iya cewa akwai wani abu mai kama da jin nauyin rai a nan. Ana kuma iya cewa lissafin mai kiwo ne, wanda ba ya yanka tunkiya mai ciki domin garke ya ɗore. Fim ɗin bai yanke ba, saboda haka ka rubuta shi a matsayin hujjar da ke gefen masu cewa akwai mutunci, ka ci gaba.

Sannan ka nemo inda ƙa'idar ta karye, domin akwai. A Prey akwai wani mai tafinta a cikin ayarin Faransawa, Raphael, wanda aka sare wa ƙafa, Naru ta ba shi maganin da ke sanyaya jiki, ya kwanta kamar gawa. Mafaraucin ya taka shi ba da sani ba, ya yi ƙara, nan take aka kashe shi, alhali mutum ne kwance da ƙafa ɗaya wanda ba zai iya cutar da kowa ba. A fim na 1987 ma raunin da ke jikin Poncho, ɗaya daga cikin sojojin Dutch, wanda ake tallabe da shi, bai sa an ɗaga masa ƙafa ba. Ka sa waɗannan a layi ɗaya da na Weyland, ka ga ko ƙa'idar rauni tana tsayawa a kowane lokaci.

Mataki na biyar: auna ɓuya da fin ƙarfin makami

Bahaushe ya san layar zana, ya san baduhu, kuma ya san cewa wanda ya ɓace wa abokin karawarsa a fage ba a kiransa jarumin fage ko da ya yi nasara. Mafaraucin sama yana da na'urar da ke lanƙwasa haske ta ɓoye jikinsa, yana da kwalkwalin fuska mai ganin zafin jiki ko cikin duhu, yana da bindigar kafaɗa mai saiti da ɗigo uku ja, yana kuma kwaikwayon muryar mutane domin ya ruɗe su. Da waɗannan ne ya kashe Blain, wani sojan Dutch, daga ɓoye a fim na farko, ba tare da mutumin ya san daga ina mutuwa ta zo masa ba. Idan ma'auninka shi ne karawa ta gaba da gaba, to wannan ya faɗi tun a nan.

Sai dai adalci ya wajabta ka tuna cewa farauta ba dambe ba ce. Maharbi yakan laɓe a bakin mashaya, yakan bi iska domin kada dabba ta ji ƙanshinsa, kuma mafarautanmu sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya su shiga cikin tsuntsaye, babu wanda ya ce musu matsorata. Ɓuya halal ce a sana'ar farauta. Abin da wannan ke nuna maka shi ne matsayin da mafaraucin sama ya ba mutum: naman dawa ne a wurinsa, mai haɗari dai, amma naman dawa. Wanda ya ɗauke ka abokin karawa yakan sanar da kai, wanda ya ɗauke ka abin farauta ba ya buƙatar haka.

Akwai lokutan da yake ɗaga mutum daga wannan matsayi zuwa wancan, kuma su ne suka fi zama a zukatan masu kallo. Ka tsayar da fim na 1987 a daidai wurin da ya shaƙo Dutch ya manna shi da itace, ya kusanto da fuskarsa yana duban ƙoƙon kansa ta wannan gefe da wancan, sannan ya sake shi ya ja da baya. Ya cire bindigar kafaɗarsa ya yar, ya zare igiyoyin da ke riƙe da kwalkwalin ɗaya bayan ɗaya, iska tana fita da ƙara, ya ɗaga shi da hannu biyu ya jefar, ya buɗe muƙamuƙansa ya yi ruri. Wannan girmamawa ce ta gaske ga mutumin da ya shafa taɓo ya ɓace masa, ya kuma yi masa rauni. A Predators na 2010 ma an ga ɗaya daga cikinsu ya karɓi gayyatar Hanzo, ɗan Japan mai takobi, suka kara da ƙarfe zalla a cikin ciyawa har dukansu suka faɗi. Ka rubuta waɗannan a ƙarƙashin jarumta da girma. Amma ka lura da abu biyu: shi ne ke zaɓar lokacin da za a yi adalcin, kuma ko bayan ya ajiye bindiga ya fi mutum tsawo da ƙarfi nesa ba kusa ba, ga wuƙaƙen wuyan hannunsa suna nan.

Mataki na shida: duba halinsa lokacin da kaye ya zo

Idan lokacinka kaɗan ne har ba za ka iya bin duk matakan ba, to ka bi wannan, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kiyaye doka lokacin da kake da rinjaye abu ne mai sauƙi, kuma ƙa'idar da ta cancanci a kira ta ta girma ita ce wadda mai ita ke riƙewa a ranar da riƙe ta zai jawo masa asara.

A ƙarshen fim na farko, gungumen itace ya danne mafaraucin, koren jininsa yana zuba. Dutch ya ɗauki dutse zai fasa masa kai, ya tsaya ya dube shi, ya sauke dutsen. Abin da mafaraucin ya saka masa da shi shi ne ya danna na'urar da ke wuyan hannunsa, ya kunna bam, ya yi ta dariya da muryar ɗaya daga cikin sojojin da ya kashe, sai da Dutch ya yi gudun ceton rai kafin daji ya kama da wuta. Masu kare shi sukan ce yana hana kayan fasaharsa faɗawa hannun mutane ne, ko kuma yana zaɓar mutuwa a kan kunyar kaye. Duka biyun suna iya zama gaskiya, amma ba su goge cewa ya nemi tafiya da mutumin da ya kayar da shi da hannu da dabara, wanda kuma ya ɗaga masa ƙafa. A fim na 1990 mafaraucin ya kunna irin wannan bam a tsakiyar birni cike da mata da yara da marasa makami, waɗanda ake cewa dokarsa ta kare su, kuma abin da ya hana shi tashi shi ne ɗan sanda Harrigan, wanda Danny Glover ya fito a matsayinsa, ya sare hannun. A Prey, lokacin da Taabe, yayan Naru, ya fara samun galaba a kansa a fili, sai mafaraucin ya koma cikin ɓuyarsa, ya soke shi ta baya.

A gidan dambe, idan hannu ko gwiwar ɗan wasa ta taɓa ƙasa an yi kisa, a raba su, wanda ya sha kaye ya tashi ya karkaɗe jikinsa ya fita, gobe a sake haɗuwa. Wanda aka kayar ya zaro wuƙa ya zubar da sunansa da na ɓangarensa gaba ɗaya. Da wannan ma'auni, mafarauci ɗaya-ɗaya yakan faɗi jarrabawar kaye sau da yawa.

Abin mamaki shi ne jama'arsu ta fi ɗaiɗaikunsu riƙe wannan ɓangare. Bayan Harrigan ya kashe abokin karawarsa a cikin jirginsu, sauran suka bayyana kewaye da shi, suna da ikon gamawa da shi cikin ƙiftawar ido, amma suka ɗauki gawar ɗan uwansu suka juya, babbansu ya jefa masa tsohuwar ƙaramar bindiga mai ɗauke da shekarar 1715. A fim na 2004 babbansu ya ga tambarin da wani ɗan uwansu ya yi wa Alexa Woods, jarumar fim ɗin, a kumatu bayan sun yaƙi dodanni tare, ya miƙa mata mashi. Babu ramuwar gayya a wuraren nan biyu, kuma wannan shi ne abu mafi kusa da dattako da na samu a duk jerin fina-finan.

Mataki na bakwai: duba yadda suke yi wa junansu da wanda bai shiga wasan ba

Doka tana tabbata ne idan akwai mai hukunta wanda ya karya ta. A littattafai an yi bayanin hakan, amma a fina-finan da na lissafa ba a nuna an gurfanar da wani mafarauci saboda ya kashe marar makami ba. Abin da aka nuna shi ne gaba tsakanin manyan jinsi da ƙanana a fim na 2010, inda aka ɗaure ɗaya a sansani kamar abin yanka, kuma waɗancan manyan suna sakin dabbobi masu kama da karnuka su tarwatsa mutane, suna kuma amfani da muryar mamaci a matsayin tarko. A Predator: Badlands na 2025 uba ne ya ba da umarnin a kashe ɗansa Dek saboda ƙanƙantar jikinsa, kuma da yayan ya ƙi, uban ya kashe yayan. Al'ummar da ke ɗaukar rauni laifin kisa ne a cikin gidanta, da wuya a ce tausayi ne ke sa ta ƙyale raunanan wasu.

Ka kuma tambayi yardar wanda ake farauta. Mutanen fim na 2010 sato su aka yi aka jefo su daga sama a wata duniya. A fim na 2004 an nuna cewa duk shekara ɗari ana miƙa mutane hadaya a wani dala da ke ƙarƙashin ƙanƙara a yankin Antaktika, domin a haifar da dodannin da samarinsu za su gwada kansu a kai. Ɗan dambe da ɗan kokawa da mai shiga shaɗi duk da ƙafarsu suke shiga fage, kuma wannan yarda ita ce ke mayar da duka ya zama wasa.

Mataki na takwas: ɗora sakamakon a ma'aunin gida

Kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma na yi wayo na tarar da kwarinsa da bakansa rataye a zaure, fatar kwarin ta yi baƙi saboda shafar hannu, ga layu ɗinke a jikin rigar da yake shiga daji da ita. Ina yaro na taɓa tambayarsa, "Kaka, me ya sa kuka fi fita da rani?" Ya ce da rani ciyawa ta bushe, ana ganin sawu, aikin gona kuma ya ƙare, sannan ya ƙara da cewa shi ba ya sakin kibiya a kan dabbar da ɗanta ke bin ta. Na tuna da shi lokacin da Anna ta ce mafaraucin yana zuwa ne a shekarun da zafi ya tsananta, kuma kamannin suna da yawa: lokaci na musamman, da kirari, da ajiye ƙaho ko fata domin shaida, da girmama wanda ya tunkari babban nama. Bambancin da na gani shi ne duk abin da Kaka ya kaso a tukunya yake ƙarewa, a raba wa maƙwabta, ragowar a kai kasuwa. A fim ɗin The Predator na 2018 ma wata masaniyar kimiyya ta yi wannan gyara, ta ce halittar da ke kisa domin nishaɗi ba mai neman abinci ba ce, mai farautar wasa ce.

Addini ya ba mu ma'auni a nan wanda ya fi na al'ada kaifi. Ya tabbata a hadisi cewa an hana mayar da abu mai rai abin gwajin harbi, kuma wasiyyar Halifa Abubakar ga rundunar da ya tura Sham ta hana kashe mata da yara da tsofaffi. A zahiri jerin ya yi kama da na mafaraucin sama, amma tushen ya bambanta, domin a wasiyyar an kare su ne saboda ransu yana da alfarma, kuma kariyar ba ta faɗuwa don mayaƙi ya ga zai sha kaye.

Hukuncin da na kai gare shi, bayan takarduna sun cika, shi ne waɗannan mafarauta suna da ƙa'ida tabbatacciya, suna da jarumta, suna kuma girmama wanda ya gwada musu ƙarfi, amma ƙa'idar tana tsaron darajar ganimarsu ne da sunansu a cikin danginsu, kuma kalmar mutunci ta fi ƙarfin abin da na gani, in ban da wurin mai ciki da wurin dattawan da suka ƙi ramuwa.

Idan za ka kai wannan majalisa, kada ka fara da hukuncin. Ka sa a tura maka wurare uku a waya, ka nuna su a jere ba tare da ka ce komai ba: sakin Leona a cikin jirgin ƙasa, da cire kwalkwali a gaban Dutch, da kunna bam bayan an sauke dutse. Haka na yi da ɗan yayata a kan bencin nan na Tudun Wada, na ƙara masa da wurin Raphael. Ya maimaita na ƙarshen sau biyu, ya ce, "Kawu, na yarda da na bam ɗin, amma na mai cikin nan ban sake shi ba." Na ce masa ni ma ban sake shi ba, na miƙa masa takardata ya rubuta shi a layin da ya ga ya dace.